Mako Shida na Miƙa Aiki

Biyar da rabi na asuba a Leeds, ruwa na dukan taga,
na kunna kwamfuta tun butar shayi ba ta tafasa ba.
Fuskar Shalmali ta fito daga Pune,
can hantsi ya daɗe da duban ludayi,
fanka na juyi, wani jariri na kuka a ɗaki.
Ni ina dunƙule cikin rigar sanyi,
ita tana share gumi da hannu ɗaya.

Shekara sha tara ina cin tuwo da kwangila,
wata uku nan, wata tara can,
banki, kamfanin inshora, ofishin jirgin ƙasa.
Ba fansho, ba hutun ciwo, ba ubangida,
mun raɗa wa wannan suna 'yanci.
Da, dillalan aiki har rige-rige suke a kaina.
Yanzu nakan ɗaga ta in jijjiga,
in ga ko mutuwa ta yi, wannan waya.

Aka ce in juye mata abin da ke kaina
cikin mako shida, sannan a ba ni cikon kuɗina.
Na nuna mata inda manhajar ke tari duk ƙarshen wata,
da layin da marigayi Howard ya rubuta,
wanda in ka taɓa shi
albashin mutum dubu huɗu zai tsaya.

Na so in tsane ta, na gwada.
Sai ga shi tana tambayar da ba wanda ya taɓa yi min,
ta gano kuskurena na shekara bakwai
ta ce wataƙila ita ce ba ta fahimta ba.
Kuɗin yinina guda ya fi na makonta,
mu biyun mun sani,
muka bar zancen a ƙasan rijiya.

Ran Juma'a a mashaya Duncan ya daki tebur:
baƙi ne suka cinye mana kasuwa!
Na juya kofina, ban tanka ba.
Ina tuna Jomon na gidan da ke kallon nawa,
mutumin Kerala, rana guda aka sallame mu.
Ni aiki na rasa.
Shi bizarsa na ɗaure da kamfanin kamar akuya a turke,
igiya ta tsinke, aka fara ƙirga masa kwanaki.
'Yarsa a asibitin unguwarmu aka haife ta,
bakinta irin namu ne sak.
Ya ƙwanƙwasa min ƙofa, yana tambaya ko ina son firij,
rabin kuɗi, ya ce, ba ya shiga cikin kaya.

Wanda ya sa hannu a takardar
ban taɓa ganin fuskarsa ba.
An ce min mutumin kirki ne, yana gudu da asuba.
A allonsa ni lamba ce mai ƙiba,
ita lamba ce siririya.

Bayan wata goma sha ɗaya saƙo ya shigo.
Shalmali ce. Rabin aikin ya koma Cebu,
rabin an ba na'urar da ke rubutu da kanta.
An ba ta mako huɗu ta koya wa wani yaro.
Ta ce, layin Howard fa, me zan gaya masa?
Abin da ya ci Doma bai bar Awai ba.
Na rubuta: ce masa kada ya taɓa,
ce masa Howard na son kurket da biskit mai citta.
Ta turo dariya, ban ji murya ba.
Ni ma tawa ba ta da murya.

Yanzu ina raba kwalaye da farar mota.
Jiya na kai ɗaya benen inshorar,
mai gadi ya karɓa, bai ɗago ba.
Firij ɗin Jomon na gurnani a kicin ɗina,
jikinsa da 'yar takardar da na manna:
Pune, ƙara awa biyar da rabi.
Ban cire ba.
Nakan duba, in ce yanzu tana kan hanya.